Turke na Arba'in da Bakwai

Da kuran ya dawo bayan la'asar
na kunna na'urar ofishinmu na Tawa,
fanka na juyi kamar mai ciwon ƙugu.
Na zura faifan da marigayi Tankari ya bari
cikin akwatin ƙarfe, kusa da tabarau mai ƙafa ɗaya
da ɓarin goron da ya zama dutse.

Awon Koloma ne, na shekara ashirin da shida baya,
maki ɗari uku da goma sha ɗaya.
Sabuwar manhaja ta dube su sama da ƙasa
kamar mai kanti da aka miƙa wa kuɗin da aka daina ci,
ta ce ba ta san wannan tsari ba.

Sai na bi da su ta hannun wata, wata ta miƙa wa wata,
irin saƙon da ake bai wa direban Ƙonni
ya bai wa na Dogon Dutsi.
Kowane hannu sai da ya tsakuri nasa.

Na farko ya cinye lanƙwasar haruffa:
ƙofar Bizo ta koma ?ofar Bizo,
kamar na'urar na shakkar ko ƙofa ce.
Na biyu ba ya ɗaukar fiye da harafi sha shida.
Inda tsoho ya rubuta
"Tsamiyar da aradu ta tsaga, a bi ta gabas da ita,"
abin da ya tsira: "Tsamiyar da arad".
Na uku bai ci komai ba.
Tura garin ya yi gaba ɗaya, taku tamanin zuwa yamma.
Rijiya ta shiga masallaci,
gonar Nomau ta hau kwalta,
makabarta ta leƙa hilin ƙwallo.

Shugabana Alhu ya leƙo ta kafaɗata.
"Danna amincewa, Sa'adatu. Tauraron ɗan'adam ba ya ƙarya."
Ban ce yana yi ba.
Amma tauraro bai taɓa tsugunawa a Koloma ba.

Cikin littafin aljihun tsoho, shafin da zufa ta ci,
maki na arba'in da bakwai:
"Nan Zali ta ba mu hura.
Ta ce iyakar marayu ce, kar a kuskura."
Na duba fayil. Lamba kawai, da tsawo, da faɗi.

Ran Asabar na hau kabu-kabu
da sandar awo tsakanina da mai tuƙi.
Zali ta rasu, an ce, shekarar da tabki ya cika ya tumbatsa.
Ɗaya daga marayun, Jadi, yanzu da furfura a gemu,
ya ja ni bayan rumbu, ya nuna da yatsan ƙafa.
Muka tona.
Yashi, yashi, ɓawon gyaɗa, wuyan tulu,
sannan hauya ta yi ƙara.

Turken siminti.
An karce T da ƙusa tun yana ɗanye.

Na kafa sanda a kansa, na jira taurari su taru,
na karanta, na rage, na ƙara.
Da daddare, da maki ɗaya tal,
na ja Koloma na mai da ita mazauninta.
Rijiya ta fito daga masallaci ba ta jiƙa tabarma ba.

Sabuwar manhaja, in faɗi gaskiya,
tana da gurbin bayani mai faɗin zaure.
Na kwana uku ina mai da wa haruffa lanƙwasarsu,
na mai da wa tsamiya aradunta,
na rubuta hurar Zali kalma da kalma.
Ƙarƙashi na ƙara nawa:
"Jadi ya riƙe hauya. Matarsa ta dama, da tsami."

Na adana sau uku.
Na huɗun na buga a takarda,
na ninke, na sa cikin akwatin ƙarfe
kusa da goron.