Kwabon Rum a Dungula

Rariya ce aikina, ni da Mirgani,
muna tankaɗe yashin Tsohuwar Dungula
tun rana ba ta hau kan dabino ba.
Kasko, ƙashi, tsakuwa, kasko,
sai ran Talata wani abu ya ƙi wucewa,
ƙarfe ne kore, bai fi farcen babban yatsa ba.

Na tofa masa yawu, na murza da bakin riga.
Ga fuska. Hanci ya tafi, ido ya tafi,
saura kambu a goshi.
A bayansa ɗan ƙaramin gicciye.

Girgis mai awon fili, Bakibɗen Atbara,
ya ajiye igiyarsa ya ce, Kaisar ne wannan.
Da hantsi muka fake a gindin katanga,
ya ba mu labarin tsakanin kurɓar shayi.

Wai rugar makiyaya ce a kan tuddai bakwai,
ta ci maƙwabta, ta ga ba ta ƙoshi ba,
ta shimfiɗa hanyoyin dutse har inda ƙafa ta gaji,
ta mai da teku kududdufin bayan gida.
Alkamar Masar ita ke ci,
mai noman ya tashi da ƙaiƙayi.
Wanda ya ɗaga kai, a kafe shi a itace
a bakin hanya, don masu wucewa su koyi ladabi.

To a wani lungun mulkin, in ji Girgis,
aka kafe wanda muke bi.
Na ce a'a, a wurinmu ɗauke shi aka yi.
Ya dube ni, na dube shi.
Mirgani ya ce shayi na hucewa.

Abin da ba mu yi musu a kai ba:
maganar ta fita ba doki ba mashi,
a bakin masunta, bayi, matan da ke wanki.
An jefa su ga zakuna, sun ƙaru.
Ana nan, ana nan,
itacen horon ya hau bayan kuɗin sarki.

Babban birnin kuwa gara ta ci shi ta ciki,
sojan haya, haraji kan haraji,
sarki da safe, gawa da magariba.
Da baƙin arewa suka tura ƙofa
ba ta yi wani nauyi ba.
Rundunar ba ta taɓa zama a nan ba,
amma addu'ar ta hau jirgin ruwa
ta yi gaba da Nilu har ta iso wannan gaɓa.

Ga ginshiƙan cocinsu can, yashi ya kai musu wuya.
Benen da ke kan tudu, daga baya alƙibla aka sa masa.
Ni ma kakana Hadeja ya baro da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare masa a nan.

Da la'asar aka ba kwabon lamba,
aka sa shi a leda, aka rufe akwati.
An biya ni da takardun da jibi ba za su sayi abin da suka saya yau ba.
Ina tafe gida ina tunanin hancin nan.
Ba takobi ya share shi ba,
yatsun masu sayen albasa ne.