Katantanwar Dutse

Kawu Nomau ne ya haƙo ta,
gaba goma sha ɗaya cikin rijiya, gabas da Wurno,
ya turo ta sama a guga tare da laka.
Ya ce ƙahon rago ne da ƙasa ta haɗiye.
Inna Tumba ba ta yi musu ba,
ta aza ta bisa faifan ƙwarya,
shekara ashirin tana tsare kindirmo daga kyanwa.

Sai ɗiyar Arzika ta taho hutu daga jami'a,
ta juya ta, ta tofa mata yawu, ta goge da bakin mayafi:
"Wagga dabbar ruwa ce.
Nan inda muke shanyar gero, da can teku ne."
Muka yi dariya har Inna ta sarƙe.
Teku? A ƙasar da gulbi ke ramewa da bazara
har yaro ya ƙetare bai jiƙa riga ba?

Yau ga ni a rumfa bayan Tsohuwar Kasuwa,
abin dariya ya zama abin tuwo.
Zarto, samfefa, ruwa a gwangwani,
tsumma da ɗigon man kaɗe.
In na raba ta biyu sai gida ya buɗe:
ɗaki bayan ɗaki bayan ɗaki,
kowane ya ɗara na baya faɗi kaɗan,
mai gidan na ginawa, yana toshe na jiya,
bai taɓa komawa ya ɗauko abin da ya manta ba.
Wani ɗakin launin zuma,
wani kamar shayin da aka bari ya huce.

Masu saye ba su tambayar rijiya.
Suna auna ta da tafin hannu, su taya,
su kai ta falo, cikin kabad na gilashi,
tsakanin agogo da kofin da ba a sha da shi.
Wani ya ce in rubuta masa shekarunta.
Na jera sifili har takarda ta ƙare.

Ta Inna dai ban goge ba.
Tana nan da kaushinta, da ƙanshin nono a tsaga.
Daren jiya na kara ta a kunne,
ko tekun zai yi magana.
Shiru.
Sai kukan jakin maƙwabci,
da igiyar Kawu tana gurzar bakin rijiya
a wani ɗaki na baya da na zaci na toshe.