Bakin Gita

Wata takwas ina sassaƙar jikinta
a ɗakin tarkace, bayan gida, nan Sheffield,
inda ruwan sama ke ƙwanƙwasa rufi ba sallama.
Katakon maɗaci ne, na saya a Attercliffe.
Na sunsuna shi, na ce: kai ma nan ka ƙare?

Na yi mata wuya, na ɗaura tsirkiya shida,
na goge ta har ina ganin furfurata a ciki.
Saura abu guda, bai kai babban yatsa ba:
jak, ƴar ƙofar da waya ke shiga
ta kwashi sauti ta kai wa lasifika.
In babu shi, gita bebiya ce mai kyan fata.

Gaynor Hepplestone, mai shagon kayan kiɗa,
tabarau rataye a wuya,
ta zube mini uku a kan kanta.
Ɗaya dogo kamar ƙaramin bututu,
a cusa shi a gefe ya ɓace;
ɗaya mai faranti da sukurori huɗu;
na uku a kishingiɗe cikin ɗan kwalekwalen ƙarfe
da ake binnewa a fuskar katako.
Ta ce, “Akwai batir a cikinta?” Na ce babu.
“To mai ƙafa biyu ya ishe ka, bar mai uku.
Wa zai kaɗa?”

Na yi shiru tukuna.
Nusaiba ce, ƴata, bahaguwa,
tun hatsarin bara a zaune take komai.
In na huda gefe, waya za ta yi ta karo
da hannun kekenta,
yau ta goce, gobe ta karye.
Gaynor ba ta ce sannu ba, na kuwa gode mata.
Da yatsa ɗaya ta turo kwalekwalen.
Fam shida.

Daren huda, na auna sau uku,
na sha shayi, na sake aunawa.
Kauri milimita arba'in da huɗu;
in na zarce, zan leƙo ta baya,
rami kuwa ba ya jin ban haƙuri.
Na naɗa ɗan salatif a bakin mahudi,
nan za ka tsaya, na ce masa, ko ni na ce ka wuce.
Jan gari ya taso, ya zauna a gashin hannuna.

Sai dalma.
Wayoyi biyu kacal: fara mai ɗaukar murya,
baƙa mai komawa ƙasa.
Shekara goma sha tara ina aikin lantarki,
na haɗa wutar asibiti, na haɗa ta makaranta,
amma da na soka waya na kunna
sai ka ce an tsokani amya.
Maƙwabci ya buga bango.

Ta gangaro da kekenta har bakin ƙofa,
ta ɗora tafi a kan tsirkiya, ƙugin ya ƙaru.
Ta ce, “Baba, ka juya su.”
Na ce ba zai yiwu ba.
Na kwance, na duba.

Na juya su.

Na narke, na sauya, na hura hayaƙi gefe.
Na riƙe jak ta ciki kada ya murɗe wayoyin,
na ɗaure noti daidai, ban cika ba,
abin da aka matsa da yawa shi ke fara sakewa.

Ta karɓi wayar da hannun hagu.
Ƙas.
Babu ƙugi. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba,
shirun mai shirin magana.

Tsirkiya ɗaya ta taɓa, ta can ƙasa, mai kauri,
gilashin taga ya amsa.
Ta ce, “Ta ɗan sauka, sai an ja ta,”
ta sunkuya tana murɗa kunnen gita.
Ni kuwa na ɗauki tsintsiya,
na daɗe ina share wurin da na riga na share.