Gawayi Ba Ya Magana

A Brno, a hawa na uku na wani tsohon gini
da hukuma ta hana a huda bangonsa
don ya girmi kakan kakana,
akwai akwatin gilashi mai fanka a ka.
Ba shi da bututun da zai kai guba sama.
Abin da ya zuƙa, nan zai tace shi,
nan zai mayar wa masu numfashi.

Oldřich ke kula da ɗakin.
Shekara talatin da ɗaya yana wanke kwalabe,
har hancinsa ya riga shi yin ritaya:
a kawo albasa, a kawo furen lemo,
duk ɗaya, ba wari ba ƙamshi.

Ran Laraba, dusar ƙanƙara na zuba,
tagogi a rufe ruf,
Ilona, ɗalibar nan mai rubutu da hagu,
ta tsiyaya fomalin a tasa mai faɗin baki.
Fanka na juyi. Fitila koriya shar.
Sai idonta ya kawo ruwa,
ta dafa tebur, ta sulale ƙasa.
Ba ihu. Ɗan nishi.

A baranda ta farfaɗo.
Ni aka kira, Jarmila,
don hannun nan ne ya zana akwatin.
Na kwance sukurori takwas, na zaro matacin,
na ɗora a sikeli.
Gawayin ya sha ya ƙoshi tun watan jiya,
ya koma amayar da abin da ya haɗiye.
Takardar da na manna a gefe
ta ce da sauran wata huɗu.
Takarda ba ta da huhu.
Duk shaƙar da suka yi a ɗakin nan,
ni ake bi bashi.

Na hau taragon lantarki ban san inda na sauka ba.

Ashe koriyar fitilata fanka kawai take yi wa shaida,
ba ta taɓa tambayar gawayi ya ya kwana ba.
Shi kuwa bawan shiru ne,
ko ya cika ya batse ba zai ce uffan ba.
Abin da ba ya magana,
sai ka ajiye masa mai magana a kusa da shi.

Hunturun nan ban ga rana ba.
Na raba gawayin gado biyu, na sama da na ƙasa,
na dasa ɗan hancin lantarki a tsakaninsu,
in na farko ya gaza, ya yi kururuwa
tun na biyu yana tsaye da ƙarfinsa.
Vondra mai kamfani ya leƙo lissafi ya yamutsa fuska:
"Wa zai saya da wannan tsada?"
Na miƙa masa takardar asibitin Ilona.
Ya karanta, ya sosa gashi.

Na yi wa kowane mataci kunnen ƙarfe nasa,
na asid ba zai shiga gurbin na fomalin ba
ko da guduma.
Na kunna sandar hayaƙi a bakin gilashin,
ina kallon farin zare yana shigewa ciki,
rabin mita a daƙiƙa,
ba ya waiwaye, ba ya lanƙwasowa fuskata.
Sau ɗari biyu. Sau ɗari biyu da ɗaya.
Sai da na daina jin haushi.

Da ƙanƙara ta narke, Oldřich ya bugo waya:
"Abin nan naki ya ishe ni da ƙara,
na nemi makashinsa ban samu ba."
Na ce babu. Da gangan.
Ya yi shiru, sannan ya yi dariya:
"To, na canja gawayin.
A tsufana an ara mini hanci."

Ilona ba ta dawo ba.
An ce tana Olomouc tana koyon zanen taswira,
kuma ko ana sanyi mai fasa ƙashi,
tagarta a buɗe take barci,
a buɗe take tashi.