Kiyari a Tasha

Kwana goma sha tara ke nan
na bar Kiyari tsaye a tashar Agadas,
jaka a hannu, kuɗin hanya a aljihu,
ƙafa guda a kan matakin mota.
Ni da na kai shi can na kasa ce masa hau,
na kuma kasa ce masa bari.

Shafi na ɗari da shida,
nan bik ɗina ya turje kamar jakin da ya hango gada.
In ya hau, wa zai duba majemar ubansa,
fatu arba'in a jiƙe cikin bagaruwa?
In ya sauka, me na yi ta tara wa mai karatu
tun daga shafin fari?

Na zargi Cima, ƙanwarsa.
Ko ta yi saurin faɗin inda kuɗin suka shiga?
Na koma babi na uku na rufe mata baki,
sai na biyar ya zube, na bakwai ya bi shi,
kamar katangar laka a tsakiyar marka.
Abin da ya saura na ɗanɗana:
miya ce, amma ba gishiri.

A fadarmu ta Garin Malam na karanta musu.
Ɗan Lele bai ɗago daga butar shayi ba:
"Kashe wani mana, mutuwa na gyara zance."
Nuri ya ce a zuba soyayya.
Sidi ya yi barci tun shafi na biyu,
shi kaɗai ya faɗa mini gaskiya a sarari.

Da dare kokwanto kan zo ba sallama,
ya miƙe ƙafa a bakin tabarmata.
Muryar malaminmu na lakwal gare shi:
"Majemi ya bar fata a ruwa? Wa zai yarda?
Kai da ba ka taɓa wuce Tanut ba
kake tura ɗan mutane hamada?"
Ba ni da amsa. Kuran ya ɗauke.
Sai sauro, da zafi, da hasken waya a kan daftari.

Ran Alhamis na shiga Birni, ba da wata niyya ba.
Can bayan majema, inda wari ke riga mutane tarbar baƙo,
na leƙa gidan Iya Gaptu.
Dutse, ya fi ɗaki girma, zaune a tsakar gida.
Na ce, "Iya, ba ku fasa shi ba?"
Ta yi dariya tana shanya kuɓewa a kansa:
"Nan muka tarar da shi.
Marigayi ya shekara yana kewaya shi yana tsaki,
daga baya ya jingina ɗaki a jikinsa.
Bangon nan kaɗai bai taɓa neman yaɓe ba."
Ta miƙo mini ruwa rabin moɗa,
don ta san darajarsa a wannan gari.

Ƙarfe uku na dare famfo ya yi tari.
Unguwa ta farka, jarka na bugun jarka.
Na tara tawa, na dawo na buɗe kaye.
Ban ce wa Kiyari hau ba, ban ce sauka ba.
Na rubuta: bai sani ba.
Na rubuta gumin tafinsa a igiyar jaka,
ɗan kamasho na ihu, saura mutum ɗaya,
shi kuwa warin bagaruwa yake ji a hannun rigarsa.
Shafi huɗu a kan mutumin da bai sani ba.
Na jingina babin a jikin dutsen.

Ko zai tsaya? Oho.
Gobe kokwanto zai dawo, ya san hanya,
zan matsa masa a tabarma, in zuba masa na biyu.
Jarka ta cika tana ambaliya,
maƙwabciya na yi mini faɗa ta kan katanga,
ni kuwa ban ji ba sai daga baya,
ina can tasha, a cikin labari.