Gada Ta Uku

Shekara shida ina sayar da fuskata ga kyamara
a wani ɗaki can saman tudun Barón.
Valparaíso na kwance ƙasa, jiragen ruwa na hamma a tasha,
ni kuwa duk Talata ina ihun sabon wasa,
wanda kamfani ya aiko haɗe da takardar abin da zan ce.
Mabiya dubu ɗari biyu.
Nakan ƙirga su da asuba kamar mai ƙirga bashi.

Ran Lahadi a kasuwar gwanjo
Don Evaristo ya baje hajarsa a kan buhu:
agogo marar hannu, dutsen guga, takalmi wari guda,
sai wata na'ura mai launin toka
da rana ta mayar kalar haƙorin tsoho.
Ban taya ba. Na biya yadda ya faɗa,
har ya dube ni da tausayi.

Kaset ɗin kuwa namu ne na gida,
yana cikin gwangwanin biskit na kakata Eulalia,
tsakanin zare da maɓallan riga.
Na hura masa iska kamar mai tada garwashi,
ko da yake an ce hurawar ba ta komai.
Allo ya yi tari, ya yi shuɗi, ya yi kore,
sai ga ɗan mutumin nan mai kusurwa huɗu
tsaye inda muka bar shi,
bai tsufa ba, bai yi fushi ba.

Kiɗan, sauti uku ne kacal,
amma ya buɗe mini ƙofar da na mance da ita:
ƙamshin burodi gasasshe, ruwan Yuli na dukan kwano,
wayar mariƙi gajera, dole mu zauna gwiwa da gwiwa,
ni da yayana Baltasar,
shi yana wasa, ni ina jiran ya mutu in karɓa.

Na kunna kyamara ba fitila, ba kwalliya.
Masu kallo suka zube kamar ganyen kaka,
dubu tara, dubu ɗaya, arba'in da bakwai.
Fresia, mai kula da tallata, ta rubuto:
wa zai sayi abin da ya girme shi?
An ce mai tuna bara bai ji daɗin bana ba.
To, na amsa laifina.
Bana ta ba ni kujera mai laushi da ciwon wuya,
bara ta ba ni rai uku, in sun ƙare a sake daga farko,
ba wanda ya nemi katin banki.

A gada ta uku na faɗa rami.
Na sake faɗawa. Sau goma sha ɗaya.
Yatsuna sun tuna hanya, sun mance dabara.
A jerin gwanaye har yanzu harufa uku ne a sama,
B, A, L,
ƙaramin batir ya riƙe su shekara ashirin da biyar,
abin da ni na kasa
tun rigimar gidan kaka, tun ya tafi kudu kamun kifi.

Ƙarfe ɗaya saura na dare waya ta yi ƙara.
Lambar Punta Arenas.
Ba gaisuwa, sai iska tana kuka a bayansa.
Ya ce, Amparo, kina saurin tsalle,
jira itacen ya nutse tukuna.

Ashe yana cikin arba'in da bakwai ɗin.

Na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa,
na jira itacen ya nutse.
Ɗan mutumin ya haye.
Ban san me ke gaba da gadar ba,
ban taɓa kaiwa nan ba,
don a nan kullum kaka ke zare wuta ta ce a zo a sha shayi.
Na ce, yanzu kuma ina?
Ya yi dariya, ya ce, dama. Ki bi dama, a hankali.