Babur Mai Fuskar Jiya

A Jidda na saye shi, bayan Sallar layya,
da gumin shekara biyu na gyaran na'urar sanyi.
Sabo ne, amma an ɗinka masa rigar tsufa:
fitila guda, zagayayya kamar faifai,
sirdin fata mai launin ƙasa,
tanki kore, irin koren kwanon shan kakata.

Zulai ta zagaya shi sau biyu, hannu a ƙugu.
"Mutane na rina furfura,
kai ka je ka sayo ta da kuɗinka."
Ban tanka ba.
Na goge madubin da bakin rigata.

Ran Asabar, ana sallame Asuba,
kafin rana ta fara dafa kwalta,
nakan tura shi da ƙafa har bakin layi
kada in tashi jaririn maƙwabta.
Sai can nake murza shi.
Ba ya kururuwa irin na samarin bakin teku,
gyaran murya yake yi,
kamar liman zai ɗauko doguwar sura.

Kakana Jibo da ƙafa ya zo ƙasar nan.
Shekara bakwai daga Gumel:
damina biyu yana tsinkar auduga a Jazira,
ya binne ɗa guda kafin Sawakin,
ya haye ruwa da takalmansa rataye a wuya.
Duk takun da ya yi da niyyarsa.
Ni kuwa Ɗa'if za ni,
shan shayi.

Na ratsa gefen Arfa, fili fayau,
babu kowa sai dogon yaro da inuwarsa.
Sannan dutse ya miƙe a gabana.

Hanyar Hada ba ta san miƙewa ba.
Ka kwanto hagu, ta ce dama,
ka kwanto dama, ta riga ta canza magana.
Kunne ya toshe, na haɗiyi yawu, ya buɗe.
Can wajen kwana na ashirin
zafi ya gaji, ya saki wuyan rigata,
sanyi ya shigo ta hannun riga ba sallama.
Ni da nake sayar wa mutane sanyi duk mako,
ga shi nan a zube,
babu waya, babu mita.

Birai sun jeru a kan katangar hanya
kamar masu karɓar haraji.
Na tsaya in huta, wani ya sure safar hannuna,
ya hau dutse yana gwada ta a ƙafa.
Na bar masa. Da hannu ɗaya tsirara na ƙarasa.

A rumfar Mishbab, inda gajimare ke shigowa
ya zauna a benci tare da mutane,
wani tsoho ya jingina sandarsa da bango,
ya shafa tankin kamar mai shafa kan jika.
"Babana ya yi irin wannan.
Shekararsa nawa?"

Ƙarya ta zo min har bakin harshe.
Na ce, "Bara aka ƙera shi, Ammu.
Kamanni ne kawai."

Ya yi dariya har shayinsa ya zube.
"To, ni da shi ɗaya muke.
Ni ma sabo ne daga ciki,
rigar ce ta tsufa."

Da La'asar na gangaro,
rumman huɗu a jaka, kwalbar ruwan wardi a ƙirji,
injin yana ƙunƙuni, birki yana ɗumi.
Na tuna Jibo da fason ƙafarsa.
Ban sani ba ko zai yi min faɗa,
ko zai naɗe babbar riga ya ce in matsa gaba.

A ƙofar gida injin na ƙas-ƙas, yana hucewa.
Zulai ta karɓi kwalbar, ta buɗe, ta sunsuna.
"Me ka samo a can?"
Na ce, "Ba komai."
Ta daɗe tana kallon sirdin,
ta auna bayansa da tafin hannu.
"Hular kwanon nan," in ji ta,
"ana samun ƙarama?"